Yadda muka raba sharar kicin a wani gidan abinci na Jidda

Gidan abincin da nake riƙe da kicin ɗinsa yana kudancin Jidda, wajajen Hindawiyya. Tuwo muke yi da miya iri uku, da farfesu, da tsire idan rana ta yi sanyi, sai bukhari da kabsa, dafa-dukar shinkafar ƙasar nan, saboda maƙwabta. Shago irin namu ba ya samun lasisin baladiyya, wato hukumar birni, ba a kuma sabunta masa, sai ya nuna yarjejeniya da kamfanin kwashe shara, wato akadin nazafa. Da can takarda ce kawai da maigida ke biya ya jefa a durowa. Komai ya shiga baƙar leda, leda ta shiga hawiya, babban mazubin bakin titi, mota ta zo da dare ta ɗauke. Da sabuntawa ta zo, sai kamfanin ya kawo sharuɗɗa: jiƙaƙƙiyar shara gefe, busasshiya gefe, tsohon mai kuma kada ya kusanci ko ɗaya.

Tushen maganar dokar kula da shara ce ta ƙasa, wadda ta fito a 2021 (1443 Hijira). Ita ta ɗora wa duk mai samar da shara nauyin rage ta, da ware abin da zai sake amfani, da ajiye ta inda aka tanada. Cibiyar kula da shara ta ƙasa, Mawan, wadda aka kafa a 2019, ita ke ba kamfanonin ɗauka da sarrafawa izini. Hukunci mafi tsanani a dokar, ɗaurin da zai iya kai shekara 10 da tarar riyal miliyan 30, na masu zubarwa ko ƙonawa ne ta hanyar da ke cutar da jama'a ko muhalli. Mai kicin ba da wannan yake kwana yake tashi ba. Nasa shi ne jami'in baladiyya da ke shigowa ba sanarwa, da tarar da yake rubutawa a kan murfin da ya karye ko ruwan da ya gangara titi.

Ba mu sa hannu a kan komai ba sai da muka auna. Wannan nake fara gaya wa duk wanda ya tambaye ni, domin kuɗin yarjejeniya a kan yawan mazubi da yawan zuwan mota ake yanka shi, kuma wakilin kamfani ba zai taɓa yi maka ƙiyasin da zai rage masa ciniki ba. Sikelin rataye mai ɗaukar kilo 50 ya isa, da bokiti huɗu: na ɓawo da yanke-yanke, na ragowar faranti, na abinci mai kyau da ba a taɓa ba, da na mai. A yi mako guda cur, lallai a haɗa da daren Alhamis da Juma'a, don su ne ranakun da tukunya ke ninkuwa. Abin da sikeli ya nuna mana bai ba kowa mamaki ba sai maigida: shinkafa ce ke cika bokiti. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan koma kusan kilo 3 idan ta dahu, faranti kuwa a garin nan sai an yi masa tozo kafin mai saye ya ji an girmama shi. Ba mu kaɗai ba ne. Binciken da hukumar hatsi ta Saudiyya ta fitar a 2019 ya ce kusan kashi 33 cikin 100 na abincin ƙasar asara yake tafiya, kimanin tan miliyan 4 a shekara, abin da ya kai riyal biliyan 40.

Da alƙaluman a hannu aka zauna da kamfani. Na farko, a ga izininsa da ido, a duba ranar ƙarewarsa. Na biyu, sunan shago da lambar rajistar kasuwanci su dace harafi da harafi da abin da ke cikin Balady, manhajar baladiyya, in ba haka ba takardar ba za ta yi maka amfani ranar sabunta lasisi ba. Sauran kuma a rubuta su ƙarara, kada a bar su a baki: mazubi nawa, lita nawa, mota sau nawa a rana, ƙarfe nawa, ko tana zuwa Juma'a da ranakun Salla, wa ke wanke manyan mazuban, wa ke biya idan taya ta fita. Akwai tambaya ɗaya da mutane ke mantawa, ita ce ina jiƙaƙƙiyar sharar za ta. Idan wurin yin taki za a kai ta, a tambayi ko suna karɓar ƙashi da nama da dafaffen abinci, domin ba kowane wuri ke karɓa ba, mu kuma masu kai da ƙafa da farfesu ƙashi muke fitarwa kamar me. Namu sun yarda da nama da ƙananan ƙasusuwan kaza da kifi, suka ce manyan ƙasusuwan sa da na raƙumi a ware, suna lalata musu injin niƙa.

Batun girman mazubi lissafi ne. Ragowar abinci takan kai wajen rabin kilo a kowace lita, tsantsar shinkafa da tuwo sun fi haka nauyi. Mazubi mai lita 240 idan ya cika ya haura kilo 100. Yaro ɗaya ba zai iya tura shi ya haye dakalin bakin titi ba, in ya matsa kuwa ko taya ta karye ko ya kife. Shi ya sa muka ɗauki masu lita 120 don jiƙaƙƙiya, ba ma kuma bari su wuce kashi biyu cikin uku. Mai lita 240 na kwali ne da gwangwani da gorar ruwa, waɗanda ke cin wuri ba nauyi. A cikin kicin ƙanana muke ajewa, lita 20 zuwa 30, masu murfin da ake buɗewa da ƙafa, don shi jami'i ke nema, kuma hannun da ke yanka nama bai kamata ya taɓa murfin shara ba. Kowane wurin aiki da nasa: wurin yanka, wurin wanke-wanke, wurin da faranti ke dawowa. Muddin sai mutum ya yi taku biyar kafin ya kai mazubin da ya dace, to a wanda ke kusa da shi zai jefa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne ruwa.

Ragowar abinci kashi 70 zuwa 80 cikin 100 ruwa ce tun kafin a juye mata miya. Ruwan nan shi ke fasa leda, shi ke tsatsa ta ƙasan mazubi ya bar baƙin layi daga ƙofar baya har titi, shi ke wari, shi kuma kake biya a ɗauka. Saboda haka babu farantin da ake juyewa kai tsaye. A wurin wanke-wanke mun ɗora babbar matsamin ƙarfe mai ramuka kamar milimita 3 a kan bokiti. Ana kankare faranti a ciki da roba mai faɗi, a bar shi ya tsane minti goma ko sha biyar, sannan a juye abin da ya rage a sama cikin mazubi. Romon farfesu da miyar taushe suna wucewa ba gardama. Miyar kuka da ta kuɓewa ne ba sa jin magana, yauƙinsu na toshe ramukan nan take, ruwa ya taru a sama. Abin da ya yi mana aiki shi ne a ba su bokitinsu daban, a tsinka su da ruwan sanyi kamar ninki uku, a dama, sannan a tace. Tukunyar tuwo kuma a kankare ta tun tana bushe kafin a jiƙa ta. Idan aka fara jiƙawa, ƙanzon ya narke ya zama kunu, ba ya tsayawa a matsami, sai ya je ya kwanta a bututu.

Ruwan da aka tace ba ya zuwa magudana sai ya bi ta tarkon maiƙo. Akwati ne na ƙarfe a ƙarƙashin wurin wanki ko a bayan kicin, da shingaye a ciki: ruwa ya shigo ya lafa, maiƙo ya taso sama, gari-gari ya nutse ƙasa, ruwan tsakiya ya fice. Ƙa'idar masu aikin ita ce idan maiƙon sama da laka ta ƙasa suka haɗu suka kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin ruwan, tarkon ya daina kamawa. Sanda ake tsomawa a gani. A kicin irin namu ba ya ɗaukar dogon lokaci, saboda abu biyu. Manja yana daskarewa da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 35 ko makamancin haka, kitsen rago kuwa sai ya haura digiri 40 yake narkewa, wato ko a tsakiyar bazarar Jidda yana iya kamewa a cikin bututu. Masu wanke-wanke suna da wata dabara ta zuba tafasasshen ruwa idan suka ga ruwa na tafiya a hankali. Ranar kam hanya ta buɗe. Sai dai narkar da maiƙon suka yi ya tsallake tarko, ya je can gaba inda bututu ya huce ya daskare, wurin da hannu ba ya kaiwa. A unguwannin da har yanzu gini ke dogara da bayyara, ramin da motar zuƙa ke zuwa kwashewa, maiƙon nan ke liƙe bangon ramin ya hana shi tsotsewa, sai ka ga mai gini na kiran mota a kai a kai yana ƙorafi. Don haka kwanon gashin tsire da tukunyar suya ana fara goge su da takarda kafin su ga ruwa, maiƙon da aka kwasa daga tarko kuma a gwangwani mai murfi yake tafiya, ba a cikin abincin da za a yi taki da shi ba.

Tsohon man suya ya fi komai sauƙi idan aka ba shi wuri. A bar shi ya huce sosai, a tace ɓurɓushin, a zuba da mazurari a jarka mai lita 20, a rufe. Kada ruwa ya shiga, yana karya masa daraja wajen masu saye. Kamfanoni masu izini ke ɗauka, ana yin man dizal na tsirrai da sabulu da shi, suna kuma barin rasit. Akwai masu zuwa da ƙaramar a-kori-kura da tsakar dare su ce za su biya fiye da haka, hannu da hannu. Ba ma sayar musu. Ba ka san inda man zai ƙare ba, wataƙila kaskon wani ne, sannan ranar da jami'i ya ce ina man da kuke soyawa ke tafiya, rasit ne kawai amsa.

Bayan ruwa sai zafi. Ƙwan ƙuda a yanayin garin nan bai cika kwana ɗaya ba yake ƙyanƙyashewa, cikin kwana 7 zuwa 10 tsutsa ta zama ƙuda mai tashi. Ma'ana jiƙaƙƙiyar shara ba ta kwana biyu. Idan kamfani ya ce zai rage maka kuɗi a riƙa zuwa bayan kwana bibbiyu, ka ce masa ka gode. Ɗauka kullum ce, kuma a daidaita ta da lokacin rufe shago, ba da rana tsaka ba. Mafi muni su ne kayan ciki da ɓawon kifi da fatar kaza, waɗanda ake fitarwa tun da safe lokacin gyara. Awa goma sha biyu a cikin mazubi, a zafin da ke kusa da digiri 40 ga kuma gumin teku, unguwa gaba ɗaya za ta san abin da kuka dafa. Mun sa musu ƙaramar firiza tasu su kaɗai a ɗakin shara, da rubutu ɓaro-ɓaro a jikinta, ana ƙulle su a leda biyu a ajiye har mota ta iso. Kada a ce za a saƙa su a lungun firjin abinci, wannan kaɗai ya isa a rubuta muku laifi.

Mazubi kuma wanka yake so kullum. A wanke da sabulu da burushi mai dogon hannu, a ɗauraye, sannan a fesa ruwan bilic: wanda ake sayarwa a shago mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, mililita 20 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi minti goma. A kife shi ya bushe kafin a sa sabuwar leda, domin ruwan da ya kwanta tsakanin leda da gindin mazubi nan tsutsa ke fara taruwa. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum, ɗakin shara kuwa ƙunci gare shi. Ruwan wankin ya bi magudanar cikin gida. Wanda ya watsa shi a titi ya gayyato maƙwabci ya buga 940, lambar kai ƙara ta baladiyya. Murfi ya zama mai maƙalli, don kyanwowin Jidda sun iya ɗaga wanda ba shi da shi.

Abin da ya fi ba mu wahala da mutane shi ne sufra, shimfiɗar ledar nan da ake ci a kai. Al'adar kowane gidan abinci a ƙasar nan ita ce a tattaro kusurwoyinta huɗu, a ƙulle da duk abin da ke kai, shinkafa da ƙashi da cokalin roba da gwangwanin lemo, a jefa. Daƙiƙa biyar an share tebur. Yanzu ka ce wa yaro ya kwance wannan ƙullin ya tsince. Ba zai yi ba idan baƙi na jira, kuma ban ga laifinsa ba. Sai muka sauya tsarin ɗauka: ana zuwa da tire biyu, a fara kwashe gwangwani da roba da takardar goge hannu, a kankare abinci a faranti guda, sufra ta tafi ita kaɗai cikin busasshiya. Na biyu a fitina ita ce ledar malmalar tuwo. Siririya ce, tana manne wa tuwon, ba a ganinta cikin ragowa. Ga masu ci a nan mun daina naɗewa gaba ɗaya, da mara ake kwasowa a kwano mai murfi, leda ta zama ta masu tafiya da shi gida kawai. Sauran masu ɓuya su ne tsinken tsire, takardar alminiyom, safar hannu, da zaren buhu. Kamfani na buɗe mazubi ya duba, idan ya ga roba ta yi yawa sai ya lissafa shi duka a matsayin gauraye, wahalar ranar ta tashi a banza. Tokar gawayi ma tana da nata durom na ƙarfe, tana kwana biyu kafin a taɓa ta, domin garwashi na iya ɓoye a ciki ya narka mazubin roba.

Rubutu a jikin mazubi bai amfane mu ba. A kicin ɗin akwai mai jin Hausa, akwai mai Bangali, akwai mai Larabci, akwai wanda karatun ma bai dame shi ba. Hoto muka ɗauka na ainihin kayanmu, ɓawon albasa da ƙashin kaza a wannan, gorar ruwa da sufra a wancan, aka lulluɓe da roba aka manna a murfi.

Sai bokiti na uku, na abinci mai kyau. Dattijuwar da ke tuƙa mana tuwo, wadda duk kicin ke ce wa Inna, ta tsaya a kaina ranar da aka kawo sababbin mazuban.

"Kai ɗan nan, yanzu shinkafar da ba wanda ya sa wa hannu ita ma taki za a yi da ita? Ku ji tsoron Allah."

"A'a Inna, wannan ba ta shiga nan. Tata hanyar daban."

"To a shanya mana, a ba masu awaki. A gida haka ake yi."

A gida haka ake yi, gaskiyarta. A Kano ko Katsina a baza a rana, kafin la'asar ya zama ƙanzo. A Jidda iska jiƙe take, shinkafa kan yi tsami ta yi funfuna kafin ta bushe, tattabaru da ƙudaje su sauka a kai, kuma rufin gidan abinci ba wurin shanya ba ne a idon baladiyya. Gurasa ce kaɗai ke yiwuwa. Ragowar tamis da samoli muna zuba su a buhun da iska ke ratsawa, ba a leda ba, masu kiwo na zuwa ɗauka kamar yadda aka saba a ko'ina a ƙasar. Dafaffen abinci kuwa ƙungiyoyin hifzun ni'ima, masu ceto abinci daga zubarwa, ke karɓa, irin su bankin abinci na Saudiyya, It'am, suna shiryawa a kwano su raba wa mabuƙata. Sharaɗinsu a fili yake: abin da ke cikin tukunya ko tiren da bai je gaban kowa ba. Kuma sai an riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Shinkafa ta fi kowa haɗari a nan, don akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta tsiro ta saki dafin da ɗumame ba ya karyawa. Idan za a sanyaya, a baza ta a faffaɗan tire, kaurinta kada ya wuce santimita 5, ta shiga firji kafin awa biyu. Babbar tukunyar bukhari da aka tura firji a rufe, tsakiyarta na nan da ɗumi har wayewar gari. A rubuta sa'ar da aka sauke a jikin kowane tire, a kuma kira ƙungiyar tun da wuri, ba ƙarfe ɗayan dare ba.

Ranar da jami'i ya zo, ɗakin shara ya nufa kafin ya kalli tukwane. Ya taka fedar mazubi ya ga ko murfi na tashi, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya sa a buɗe tarkon maiƙo, ya bi ƙofar baya ya dubi titi. Sannan ya nemi takardu. Fayil guda muke ajiyewa kusa da wurin karɓar kuɗi, ba a gidan maigida ba: akadin nazafa, yarjejeniyar feshin ƙwari, shahadar lafiya ta kowane ma'aikaci, rasit ɗin mai, da takardar da ake rubuta ranar kwashe tarko da sa hannun wanda ya yi. Idan aka rubuta laifin da kuke ganin ba daidai ba, ana ɗaukaka ƙorafi ta Balady, kuma hoto mai kwanan wata ya fi dogon bayani.

Azumi na rushe duk jadawalin nan. Girki na komawa daga la'asar zuwa sahur, shara na fitowa kashi biyu, ɗaya bayan buɗa-baki, ɗaya gab da asuba, man suya kuma ya ninka saboda sambusa da ƙosai. Motar da ke zuwa sha biyun dare za ta bar ta sahur ta yini a rana. Tun a watan Sha'aban ake neman ƙarin zuwa na biyu da ƙarin jarkoki, a rubuce, domin da wata ya kama kowane gidan abinci a Jidda abin da yake nema ke nan, motocin kuma ba sa ƙaruwa.